Iyalin da suka sayar da gona suka shiga teku

To jama'a, na baya kuna jina? Madalla. Abu uku na zo da su kan iyalin Robertson na Ingila, tashinsu, ruwan sha, sannan abin da suka bar wa jikoki.

Na farko a gurguje. Maigidan Dougal tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya koma kiwon shanu, ya sayar da gonar ya sayi jirgi mai tafiya da iska sunansa Lucette, a Janairun 1971 ya kwashi matarsa Lyn da ƴaƴa suka tashi daga Falmouth, wani gari a bakin tekun Ingila, wai za su zagaye duniya. Alhaji ka gwada gaya wa Hajiya ka sayar da gona don yawo, ka ga inda za ka kwana. Ran 15 ga Yunin 1972 sun wuce tsibiran Galapagos a tekun Pasifik, manyan kifayen nan baƙi da fari, orka, suka fasa jirgin, nan take ya nutse. Su shida, har da wani ɗalibi da suka rage wa hanya.

Yanzu ruwa, ai mu ƴan Damagaram ba a ba mu labarin ƙishirwa, mun san jiran ɗan garuwa da bido a watan zafi, amma su ga ruwa ta ko'ina kuma ko kurɓa ba a yi saboda gishiri yana janye ruwan jiki. Kwana 38 fa, 38! Jirgin roba na hurawa da suka tsira a ciki ya sace, suka matsu cikin ɗan kwale-kwalen da bai cika mita 3 ba. Dougal da gangan ya nufi yankin da ake yawan ruwan sama, suna tara da ƙyalle, suna kama kunkurun teku su sha jininsa tun bai daskare ba su shanya naman. To ruwan da ya taru a gindin kwale-kwalen ya gauraye da jini da ƙazanta ba ya shawuwa, sai Lyn, da ma malamar asibiti ce, ta samu ɗan tiyo tana ɗura musu ta dubura, hanji ya tsotse. Ku daina dariya, dabara ce, wallahi dabara ce.

Na huɗu... na uku ko? Masunta ƴan Japan suka tsince su ran 23 ga Yuli, kwale-kwalen yana gidan tarihi na Falmouth, jikoki na iya zuwa su gani.

[Tambaya: Malam, shan jinin nan ya halatta?]

Ɗana, su dai ba musulmi ba ne, amma ko kai ne ayar da ta hana jini ita ta yi wa wanda ya matsu rangwame. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Fort-Lamy, wato N'Djamena ta Chadi a yau, da Sudan sun sha irin tambayoyin nan a hanya, liman yana nan gaba, Malam a taimaka mana, a miƙa masa lasifikar.