Awa Goma a Mako: Tallafin Karatu da Hidimar Mutanen Gari

(An kwafo daga faifan wata lacca da aka yi wa ma'aikatan sashen kula da harkokin ɗalibai. An rage maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, iyayena malamai, 'yan'uwana ma'aikata, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An nemi in yi magana a kan aikin da na yi na wasu shekaru a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, a ofishin da ke ba ɗalibai tallafin karatu, su kuma su riƙa yi wa mutanen gari hidima. Tun a bakin ƙofa wani malami ya tare ni da tambayar da aka saba yi mini. Ya ce, in hidima ce don me za a biya, in kuwa biya ake yi ai ƙwadago ne. Tambaya ce mai nauyi, da ita zan fara.

Ku ɗauki ɗalibai biyu a aji ɗaya. Na farko babansa ya biya masa komai, ranar Asabar ba shi da abin yi. Na biyu da an tashi daga aji sai ya nufi gidan abinci wankin kwanuka har tsakar dare, don ya haɗa kuɗin ɗaki da na littattafai. Aka kafa sanarwa ana neman masu aikin sa-kai a wurin raba wa mabuƙata abinci. Wa zai je? Na farkon. Alhali na biyun shi ya san layin nan ciki da waje, don wataƙila ya taɓa tsayawa a cikinsa riƙe da hannun mahaifiyarsa. Ya san kunyar da mutum ke ji in ya zo karɓa, ya san kalmar da za ka faɗa masa ya fasa dawowa. Kuɗin tallafin lokacin wannan yaro ake fansowa da shi daga gidan abincin. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan lokaci ne: an fanso shi da tsada, aikin ofishinmu shi ne kada ya tafi a banza.

Tsarin da muka bi na Gidauniyar Bonner ne. Wani attajiri ne mai suna Bertram Bonner, wanda ya yi arziki da ginin gidaje, da matarsa Corella, wadda ta taso a garuruwan masu haƙar kwal, ta san talauci tun tana ƙarama. Suka kafa gidauniya a garin Princeton na jihar New Jersey, sannan a 1990 suka fara wannan shiri a Kwalejin Berea da ke jihar Kentaki. Zaɓen Berea ba a banza aka yi shi ba. An kafa ta a 1855, tun 1892 ba ta karɓar kuɗin koyarwa a hannun ɗalibi, kuma kowane ɗalibinta sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako. Wato makaranta ce da ta daɗe da sanin yadda ake haɗa karatu da aiki ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Yau kwalejoji da jami'o'i fiye da 60 ne ke cikin wannan tsari.

Sharaɗin a taƙaice: ɗalibi zai ba da awa 10 a mako, awa 140 ke nan a zango ɗaya, shekara huɗu cur. A dogon hutu sau biyu zai yi cikakken aiki na awa 280 kowanne. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, don hanyoyinsa a can uku ne sanannu. Akwai waƙafi, inda ake juya uwar kuɗin a ci ribar, kuma Gidauniyar Bonner ta kafa wa kwalejoji da dama irin wannan asusu. Akwai kuɗin gwamnatin tarayya na aiki-da-karatu, wanda ya faro a 1964 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Doka ta wajabta wa makaranta ta kashe aƙalla kashi 7 cikin 100 na rabonta a kan ayyukan hidimar al'umma. Sai AmeriCorps, shirin hidimar al'umma na gwamnatin Amurka, wanda Shugaba Bill Clinton ya sa wa dokarsa hannu a 1993, inda mai cika awoyinsa ke samun kyautar kuɗin karatu. Cikakken mai hidima awa 1,700 yake yi a shekara, ɗalibai kuwa sukan shiga rukunin awa 300. Abin lura, kuɗin gwamnati da ƙa'idojinsa yake tafe. Ba a yaƙin neman zaɓe a cikin awoyin hidima, ba a wa'azin jawo mutane zuwa wani addini a cikinsu, ba a kuma sallamar ma'aikaci a maye gurbinsa da ɗalibi. Wannan ta ƙarshen ku ja mata layi. Ranar da zuwan ɗalibanka ya sa wani magidanci ya rasa albashinsa, ka cuci garin da ka ce ka zo taimaka.

Yanzu ga inda nake so mu zauna.

A shekarata ta farko ni mai ƙidayar awoyi ne. Ƙarshen zango in tara lissafi, in kai wa na sama da ni, a yi murna. Muna da wata cibiya a cikin gari inda yara 'yan firamare ke zuwa lesin bayan an tashi makaranta, wata dattijuwa ce ke riƙe da ita. Na kira ta in shaida mata cewa zan turo sababbin ɗalibai. Ta yi shiru, sannan ta ce in zo da kaina. Da na je ta zaunar da ni a ɗan kujerar yara, ta ce duk watan Satumba ina aiko mata da sababbin fuskoki. Ta ɓata wata biyu tana koya musu sunayen yaran da halinsu, wane ne ba ya son a taɓa masa kai, wace ce ba ta iya karatu sai an zauna gefenta. Da sun fara kama hanya sai jarrabawa ta zo, su ɓace. A Janairu a turo wasu. Ta nuna mini wani yaro a lungu, ta ce wannan ya daina tambayar sunan masu koya masa, don ya gane ba sa daɗewa. Yaran nan, in ji ta, da yawansu manya sun sha tafiya su bar su, ni kuma ina ƙara musu.

Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. A takarda aikinmu ya cika, awa ba ta yi ciwon kai ba. A wurin yaron kuwa mu baƙi ne, baƙo kuma raɓa ne, rana na fitowa ya bushe.

Daga nan muka juya tsarin ofis. Da, ɗalibi muke tambaya me yake sha'awa, sannan mu nemo masa wuri. Muka koma fara tambayar masu wurin me suke buƙata, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muka rage yawan ƙungiyoyin da muke hulɗa da su, muka riƙe kaɗan riƙon gaske. Kowane wuri muka tura ayari, da ɗan aji ɗaya da ɗan aji huɗu tare, ta yadda in babba ya gama ya tafi, akwai ƙanensa da yaran suka riga suka sani. Kuma tun kafin a fara zango muke miƙa wa masu wurin kalandar makaranta: ga makon jarrabawa, ga hutu, ga ranar da ba za ku ga kowa ba. Yunwa ba ta tafiya hutu, yara ma ba sa daina zuwa don jami'a ta rufe. In ka faɗa musu da wuri za su yi tanadi. In ka bar su suka wayi gari ba kowa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dalilin shekara huɗun ke nan. Tsarin Bonner hawa-hawa yake ɗaukar ɗalibi. Shekarar farko ya zagaya wurare ya ga inda zuciyarsa ta kwanta. Ta biyu ya zauna wuri ɗaya ya koyi aikin. Ta uku ya jagoranci na ƙasa da shi. Ta huɗu ya kawo ilimin da yake karantawa a aji ya warware wa wurin wata matsala. Akwai wata ɗaliba tamu a ɗakin raba abinci. Farkon zuwanta ɗaukar kwalaye take yi daga mota zuwa sito. Shekara ta biyu aka ba ta rajistar masu karɓa, ta san iyalai da sunayensu. Ta uku ita ke tsara wa zai zo yaushe. A ta huɗu, da yake lissafi take karantawa, ta zauna da rajistar shekarun baya ta duba unguwannin da mutane ke fitowa. Sai ta ga unguwa guda da kowa ya san tana fama da talauci kusan ba mai zuwa daga cikinta. Ta je ta tambaya. Ashe lokacin da ake buɗe ɗakin duk suna wurin aiki, kuma motar haya ta daina bi ta can kafin su taso. Aka ƙara buɗewa yamma ɗaya a mako. Mai zuwa na wata uku ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma ba wanda zai yarda ya damƙa masa rajistar.

Wasu ƙananan abubuwa da ke kashe shiri tun ba a je ko'ina ba. Mota: ɗalibin da ba shi da kuɗin makaranta ba shi da abin hawa, don haka kafin ka yi alkawari da kowace ƙungiya ka san wa zai kai, wa zai ɗauko. Tantancewa: duk wanda zai zauna da yara sai an binciki tarihinsa, ba sani ba sabo. Takardar yarjejeniya: kowane zango ɗalibi da mai kula da shi a wurin aiki da ofishinmu muna sa hannu a kan abin da zai yi da abin da zai koya. Takardar awoyi kuma mai wurin ke tabbatar da ita, ba abokin ɗalibi ba.

Sai zaman mako-mako, wanda wasu ke ɗauka ɓata lokaci ne. Cikin awa goman nan ana cire wani abu don horo da tattaunawa. Yaro ɗan shekara 18 da ya kwana yana hidima a masaukin marasa gida ya ga abin da zai hana shi barci. In ba ka zauna da shi ba, ɗayan biyu ne: ko ya karaya ya gudu, ko ya fara ganin kansa mai ceton mutane, ya riƙa ɗaukar hotonsu yana sawa a Facebook. Na biyun ya fi tsorata ni. Mun hana ɗaukar hoton kowa ba da izininsa ba, na yara kuwa sam. A wannan zama ake tambayarsa: me ya sa ake layin abinci a ƙasar da abinci ya yi yawa? Daga nan yake komawa aji da tambayar da malaminsa zai ji daɗin amsawa.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin shi ne ɗalibin da ya kasa cika awoyinsa. Ka tuna da kuɗin nan yake karatu, in ka yanke shi ka kore shi daga makaranta ke nan. Amma in ka kau da kai, sauran za su gani, masu wurin kuma za su daina yarda da sa hannunka. Abin da muka tsaya a kai, a kira shi tun gibin bai yi faɗi ba, a mako na uku ba na goma sha uku ba. Sau da yawa za ka tarar uwarsa ce ke asibiti, ko wani darasi ne ya fi ƙarfinsa. A rubuta masa hanyar ramuwa, a ba shi zango ɗaya na gwaji. Kuma makinsa na aji muna duba shi kamar yadda muke duba awoyinsa, don karatu ya kawo shi. Mai ƙaryar awa da gangan shi ne ba mu yi wa sassauci.

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

(Wata mahalarciya ta tambaya ko wannan ba shi ne hidimar ƙasa da ake yi a Nijeriya ba.)

Allah ya saka, Hajiya. Akwai dangantaka. Hidimar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 tana da ranar aikin raya al'umma sau ɗaya a mako, ana kuma biyan alawus. Amma ita bayan kammala karatu ake yin ta, shekara ɗaya ce, kuma an tsara ta ne a kai matashi jihar da ba tasa ba don 'yan ƙasa su san juna bayan yaƙin basasa. Wannan kuwa cikin karatu ake yin sa, a garin da makarantar take, ɗalibi ya shekara huɗu yana ganin mutane ɗaya. Kuɗinsa ma don ya iya zama a makarantar ne tun farko.

In kina tambaya ta ina za ki fara a taki makarantar, ni da ɗalibai 10 zan fara, da wurare biyu da ƙafa za ta iya kai su. Ba zan ɗauki ko ɗaya ba sai kuɗin shekara huɗunsa yana ajiye a asusu, don yanke wa yaro tallafi a aji biyu ya fi rashin ba shi ciwo. Kuma kafin ki buga fom, ki je wurin hedimastan firamaren da ke bayan katangarku, ki gaishe shi, ki tambaye shi wane aji ne ya fi damunsa da ƙarfe nawa yake son a zo.

Shugaba yana nuna mini agogo, an kusa kiran azahar. Sauran tambayoyin ma ɗauke su bayan salla, in Allah ya so. Wassalamu alaikum.