Gawa Ce Ko Mai Rai? Tsofaffin Hotunan Mamata Na Ingila Da Amurka

RABI: Masu sauraro, barkanmu da war haka. Malam Bala, ga hoton da ke yawo a intanet: yarinya a tsaye, ƙafar wani ƙarfe na leƙowa ta bayan rigarta, an rubuta wai gawa ce aka tokare.

BALA: Ba gawa ba ce, Hajiya. Ƙarfen nan siriri ne, yana da ɗan maƙali da ke riƙe ƙeya don kada mutum ya motsa a daƙiƙoƙin da ake ɗaukar hoton. Ina shi ina ɗaukar nauyin gawa? In kin ga ƙarfen, mai rai ne.

AMINU: Idanun ma na ruɗar mutane. Sinadarin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a ƙarni na 19 ya fi kama launin shuɗi, sai mai shuɗin ido ya fito da ido fari fat. Haka hoton jariri a kan cinyar wani abu da aka lulluɓe da zane: uwar ce ke riƙe da shi.

RABI: To hoton gawa na gaskiya fa, yaya yake?

BALA: A kwance, a gado ko kujera ko cinyar uwa, ido rufe kamar barci, furanni a hannu. Wani sa'in a ɗan shafa wa kumatu jan launi a jikin hoton. Daga baya aka fi ɗauka a cikin akwatin gawa. Dubi na marubucin Faransa Victor Hugo da mai hoto Nadar ya ɗauka a 1885, a kan gadonsa yake. Amma yawancinsu yara ne. A Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, cikin jarirai 1,000 kusan 150 ba sa cika shekara, kuma sau da yawa wannan ne kaɗai hoton ɗan da iyaye suka mallaka.

RABI: Allah sarki. Mu da ake gaggauta jana'iza abin baƙo ne a wurinmu. Aminu, ta yaya ake gane shekarun hoto?

AMINU: Fara da abin da aka yi shi a kai, Hajiya. In yana ƙyalli kamar madubi, sai kin karkata shi kafin ki ga fuska, irin wanda Bafaranshe Daguerre ya ƙirƙiro ne, da ya fito a 1839: farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa. In gilashi ne da baƙin baya, daga wajen 1854 ne. In maganaɗisu ya kama shi, farantin baƙin ƙarfe ne, daga 1856. Na takarda da aka manna a ɗan kati kuwa, ki juya bayansa. Sunan mai hoto da garinsa na nan.

BALA: Ka bar mafi daɗin. Amurka ta sa harajin hotuna lokacin yaƙin basasa, daga Agustan 1864 zuwa Agustan 1866. In akwai kan sarkin harajin a baya, an samu shekarun ke nan. Da wannan da sunan gari sai a shiga kundin ƙidaya da rajistar coci a nemo iyalin. A leƙa cikin akwatin hoton ma, ana samun silin gashin mamacin ko 'yar takarda mai suna.

RABI: Wanda ya samu mai ƙyallin nan ya yi dusu-dusu, ya goge?

BALA: Kul! Hoton a saman azurfar yake zaune kamar ƙura, yatsa ɗaya ya share fuskar har abada. Duhun gefen nan iska ce ta shiga bayan takardar da ta liƙe gilashin da ke rufe hoton ta tsage. Masu wanke shi da sinadari a da sun lalata da yawa.

AMINU: A ajiye shi inda babu laima da hasken rana, a bar wa masu gyaran kayan tarihi canjin gilashin.