Hitar gas a cikin banɗaki: rashin jin wari ba shi ne zaman lafiya ba

Assalamu alaikum jama'a. Sanyi ya sauka a Katsina, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban bokitin ruwa da asubahin Janairu ya san abin da ya sa hitar gas ta samu kasuwa. Wutar lantarki ba ta da tabbas, ita kuwa wannan da ka murɗa famfo sai ruwan zafi. Tambaya ɗaya ce ke ta yawo a kanta: "Mai gyara ya kafa mini ita a cikin banɗaki, ya gwada da ruwan sabulu, babu kumfa, ba na kuma jin warin gas. Ai shi ke nan ko?"

A'a, da saura.

Gwajin sabulun daidai ne. A shafa a kan tukunyar gas, a bi tiyo, a bi duk mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ke yoyo. Ashana kuwa kada wanda ya kuskura. Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari, wani sinadari mai ɗoyi ake zuba masa don hanci ya kama shi, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In kun ji shi, ku rufe kan tukunya, ku buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kowa ya fita. Wannan yawancinmu mun sani, mu wuce.

Inda ake tuntuɓe shi ne nan. Sabulu da hanci suna kama gas ɗin da ya tsere bai ƙone ba. Akwai hatsari na biyu, wanda ke fitowa daga gas ɗin da ya ƙone amma bai ƙone sosai ba.

Mu ɗauki misalin wani banɗaki. Ɗan ƙarami ne. Tagarsa guda, can sama, an toshe ta da kwali saboda ƙurar hunturu. An shiga, an sa sakata, an buɗe famfo, hita ta kama. Wutar da ke cikin akwatin nan ta ninka ta kan murhun girki sau da yawa, domin aikinta ta zafafa ruwa yana cikin gudu. Iskar da take ci ita ce wadda mai wankan yake shaƙa. Minti yana tafiya, iskar oksijin tana raguwa, babu ta inda sabuwa za ta shigo. Da wuta ta rasa isasshiyar iska sai ta fara fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid.

Ba ta da launi. Ba ta da wari. Ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Ruwan sabulu ba zai nuna ta ba, don ba yoyo ba ne. Tiyo sabo, hita sabuwa fil daga kwali, duk ba su hana ba matuƙar ɗakin a rufe yake.

In ta shiga huhu sai ta kama jini, kuma kamun da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Mutum yana numfashi, ƙirji na hawa da sauka, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun rabonsu. Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Ya ce ai tururi ne ya yi yawa, ko don bai karya ba ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tana rikita tunani ta kashe gaɓoɓi, har mutum ya kasa kai hannu ga sakatar da ke gabansa.

Ku lura da wannan alamar: ciwon kan da ke farawa a wajen wanka, ya lafa in an fito tsakar gida. In mutum biyu ko uku a gida suna wannan kukan, kada a tsaya ga maganin maleriya, a dubi hita.

Harshen wutar hita iri biyu ne. Mai kyau shuɗi ne, a tsaye. Marar kyau rawaya ne, yana lilo, ga kunkunniya ta yi baƙi a bango. In wutar hitarku ta koma rawaya, a kashe ta yau. Amma shuɗin ma ba lasisin rufe taga ba ne.

To mene ne gyaran? A fitar da ita daga banɗaki. Allah Ya yi mana gidaje masu buɗaɗɗen tsakar gida, daga Ƙofar Ƙaura har Daura. A kafa ta a bangon waje, a yi mata 'yar rumfa, bututun ruwan zafi kaɗai ya shiga ciki. In mai bututun hayaƙi ce, bakinsa ya fita sarari, kada a cusa shi cikin silin. Tukunya ma waje, a tsaye, a inuwa.

Ni a ganina, iya haɗa famfo daban, sanin aikin gas daban. Kafin ya ɗauko guduma ku tambaye shi: "Malam, iska ta ina za ta shigo, hayaƙi ta ina zai fita?" In ya ce ai wannan samfurin ba ya hayaƙi, ku ba shi ruwa ya sha, ku gode masa, ku nemi wani. Masu haya kuma, a rufe tukunya a koma ɗora ruwa a murhu har mai gida ya sa a matsar da ita.

Na'urar gargaɗi iri biyu ce, kada a sayar muku da ɗaya a madadin ɗaya. Mai gano yoyon gas kusa da ƙasa ake sa ta. Mai gano kabon monoksaid daban take, ita ake sawa sama a bango.

Hajiya, wannan naki ne: iskar nan ita ce dai ke fita daga kaskon gawayin da ake shigar wa mai jego ɗaki a rufe ƙofa, ita ce ke fita daga janareton da aka tayar a zaure. Jarirai da masu juna biyu sun fi saurin illata.

In kuka ji ruwa na zuba a banɗaki, aka ƙwanƙwasa babu amsa, kada a tsaya kunya, a ɓalle ƙofar. Wani ya rufe tukunya, a janyo shi fili. Ba a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, ba sa cire wannan guba, shaƙe shi za su yi. A kira 112 ko a sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke. Oksijin yake buƙata. Ku faɗa wa likita ƙarara cewa a banɗaki mai hitar gas aka same shi, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna oksijin ɗinsa daidai alhali jininsa cike yake da kabon monoksaid.