Charles Aznavour: ɗan 'yan gudun hijirar da aka ce muryarsa ba ta waƙa ba ce

Ku kwatanta a ranku wani ɗan gajeren dattijo mai baƙar kwat a kan dandamali. Nan birnin Osaka ne a ƙasar Japan, ranar 19 ga Satumba, 2018. Shekararsa 94, yana tsaye da ƙafafunsa yana rera waƙa. Bayan kwana 12 ya rasu a gidansa da ke kudancin Faransa. Sunansa Charles Aznavour, amma sunan yanka Shahnour Aznavourian.

A Faris aka haife shi, ranar 22 ga Mayu, 1924. Iyayensa Armeniyawa ne. Mahaifinsa daga Jojiya ya fito, mahaifiyarsa kuwa ta tsira ne daga kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a daular Usmaniyya tun daga 1915, kisan da har yau gwamnatin Turkiyya ba ta yarda a kira shi da wannan suna ba. Niyyarsu su wuce Amurka, suka yada zango a Faris suna jiran biza. Zangon nan shi ya zama gida. Uban ya buɗe gidan abinci, ga shi kuma mawaƙi, yaro ya tashi da kiɗa a kunne. Yana ɗan shekara tara ya fara hawa dandamali. Lokacin da sojojin Hitila suka mamaye Faris, a ɗan gidan nan nasu suka riƙa ɓoye Yahudawa da Armeniyawan da ake farauta.

To, sai wahalar neman suna. A 1946 fitacciyar mawaƙiya Edith Piaf ta ji shi, ta ja shi jikinta. Ya yi shekaru a gindinta: shi ne direba, shi ne sakatare, shi ne ɗan aike. Masu sharhi a jaridu kuwa ba su raga masa ba. Suka ce gajere ne, ba shi da kyan gani, muryarsa a dishe take kamar mai mura. A ganina nan suka yi kuskure babba, domin wannan dishewar ce ta sa idan yana waƙar rabuwa ko tsufa sai ka ji kamar maƙwabcinka ne ke ba ka labarin abin da ya same shi.

A Disambar 1960, a zauren Alhambra na Faris, ya rera wata waƙa mai ba da labarin wani mawaƙi da ya tsufa bai yi suna ba. Zauren ya ɗauki tafi, daga ranar kuma zancen ya canza. Kuma fa ba rerawa kawai yake yi ba, wasa yake yi da jiki. A waƙarsa ta La Bohème, ta 1965, yakan fito da farin hankici yana goge yatsu kamar mai zane da fenti ya ɓata wa hannu, ƙarshen waƙa ya sake shi ya faɗi, 'yan kallo su yi rububin ɗauka. Waƙoƙin da ya rubuta sun haura 1,000, ya rera da Faransanci da Turanci da Italiyanci da Sifaniyanci da Jamusanci.

Duk wannan da sunan Bafaranshe ya yi shi. Abin da ya ɗaure shi da ƙasar kakanninsa girgizar ƙasa ce. Ranar 7 ga Disamba, 1988, ta afka wa arewacin Armeniya, ta rusa garin Spitak, mutum kimanin 25,000 suka mutu ana tsakiyar hunturu. Aznavour ya kafa gidauniyar agaji, ya tara mawaƙa da 'yan wasan Faransa masu yawa suka yi waƙar Pour toi Arménie a 1989, kuɗin faifan ya tafi ga waɗanda abin ya shafa.

Armeniya ba ta manta ba. A 2004 ta ba shi lambar Gwarzon Ƙasa, a 2008 takardar zama ɗan ƙasa, a 2009 kuma ya zama jakadanta a Suwizalan. Akwai dandali mai sunansa a tsakiyar Yerevan, babban birnin ƙasar, akwai mutum-mutuminsa a Gyumri, birnin da girgizar ta ɗaiɗaita.

Ranar 5 ga Oktoba, 2018, aka ajiye akwatin gawarsa a farfajiyar Invalides, wani ginin tarihi na sojoji a Faris, lulluɓe da tutar Faransa. Shugaba Emmanuel Macron na tsaye, kusa da shi kuma Firaministan Armeniya, Nikol Pashinyan.