Amsoshin tambayoyinku: Hutun sanyi a birnin Sapporo na Japan

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau saƙonni uku ne za mu ɗauka kuma duk a kan Japan suke, sai na haɗa su wuri guda.

Na farko daga wata baiwar Allah ce a Kano, ta ce ɗanta yana karatu a Jami'ar Hokkaido da ke Sapporo, ya gayyace ta ta je a watan Fabrairu, toh ita dai sanyin Jos ma da ƙyar take iya shi, shin za ta iya kuwa, kuma me ake gani a garin da har yaron ya dage sai lokacin sanyi?

Toh Hajiya, ɗanki ya san abin da yake yi. Sapporo shi ne babban birnin tsibirin Hokkaido, can arewacin Japan, mutanensa sun kusa miliyan 2, kuma dusar ƙanƙarar da ke zuba a can a shekara in aka tara ta tana kai wajen mita 5. A farkon Fabrairu ne suke bikin dusar ƙanƙara na kamar mako guda, wanda ya samo asali a 1950 lokacin da wasu 'yan makaranta suka gina mutum-mutumi guda 6 na ƙanƙara a filin Odori, daga baya a 1955 dakarun tsaron ƙasar suka shigo ciki aka fara gina manya, yanzu kam za ki ga an sassaƙa fada sukutum da tagoginta da ƙofofinta, tsawonta ya kai bene mai hawa huɗu ko biyar, da dare a haska ta da fitilu kala-kala, mutum wajen miliyan 2 ne ke zuwa kallo. Filin Odori ɗin dogo ne, kusan kilomita ɗaya da rabi a tsakiyar gari, a ƙarshenta akwai hasumiyar talabijin da ake hawa a hango komai daga sama. Ana gama biki kuma washegari a kawo katafila a rushe su duka, abin da ni dai har yanzu yake ba ni tausayi.

Batun sanyi kuwa, e akwai shi, ƙasa da sifili yake wuni a ranaku da yawa. Amma gaskiya Hajiya ba sanyin ne zai fi wahalar da ke ba, santsi ne. Su mutanen garin sun gina rayuwarsu a ƙarƙashin ƙasa, daga tashar jirgin ƙasa ta Sapporo akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2011 wadda za ta kai ki Odori, daga nan ki shiga kasuwar Pole Town ki ɓulla har unguwar Susukino ba tare da iska ta taɓa ki ba, ga ɗumi ga kujeru ga banɗaki mai tsafta, har ma za ki ji zufa ki fara neman cire rigar sanyi. Shi ya sa ya fi kyau a sa kaya hawa-hawa, na ciki mai kama jiki irin Heattech na shagon Uniqlo, sai suwaita, sai babbar riga a sama, hijabi kuma dama ya rufe kunne da wuya. Amma da zarar kin fito waje, musamman wurin tsallaka titi inda tayoyin mota suka goge ƙanƙarar ta zama sumul, toh a nan ne ake faɗuwa, kuma faɗuwar babba ba irin ta yaro ba ce. Ki sa ɗanki ya saya miki ƙusoshin roba da ake maƙalawa a ƙasan takalmi, ana sayar da su a tasha da ƙananan shaguna, ki riƙa taku gajere-gajere, kar ki zuba hannu a aljihu, kuma in kin ga akwati a bakin titi cike da 'yan jakunkunan tsakuwa kyauta ne, an ajiye don a watsa a inda ya yi santsi. Akwai kuma wata 'yar leda da suke cewa kairo, in aka buɗe ta sai ta ɗau zafi na awoyi, a sa a aljihu ko a manna a bayan riga, amma ba a kan fata ba.

Rana kan faɗi kafin ƙarfe 5 na yamma a lokacin, don haka azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, a tsara yawo da wannan a rai. Akwai masallaci a garin, ɗanki ya fi ni saninsa. In da hali ku ware wuni guda ku je Otaru, ƙasa da awa ɗaya a jirgin ƙasa kuma jirgin yana bin bakin teku, tsohon garin tashar jiragen ruwa ne mai mashigin ruwa da tsofaffin ɗakunan ajiya na dutse.

Saƙo na biyu daga Damagaram ne, wani malami ya ce a taƙaice, me Musulmi zai ci a can, kuma ko zai iya tafiya da kilishinsa?

Malam bari in fara da kilishin, don Allah ka bar shi a gida. Japan ba ta yarda a shigo da nama ko wani abu da aka yi da nama ba sai da takardar bincike ta hukuma, busasshe ne ko ɗanye, akwai karnuka masu sunsunar kaya a filin jirgi, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3 a kuɗin Japan. Dambun nama ma haka.

Abincin da garin ya yi suna a kai shi ne taliyar ramen mai romon miso, wato irin daddawarsu ta waken soya, kuma nan ne tarkon yake, don kusan ko'ina romon na ƙashin alade ne har da kitsensa a sama, ko da ka ce a cire maka naman romon yana nan yadda yake. Sai dai ka nemi shagon da ya rubuta halal ƙarara. Na biyu shi ne jingisukan, naman rago ko tunkiya da ake gasawa a kan wani kaskon ƙarfe mai tudu a tsakiya, kai da kanka kake gasawa a teburinka, naman a sama, albasa da kabewa da tsiron wake a gefe suna shan man da ke gangarowa, ɗan uwan balangu ne dai in ka cire yaji. Yawancin naman daga Ostareliya da New Zealand ake kawo shi, toh sai ka tambaya ko yankan halal ne, sannan ka tambayi miyar da ake tsomawa, saboda mutanen Japan suna sa giyar shinkafa da wata giya mai zaƙi da ake kira mirin a girki kamar ba komai ba, ba mugunta ba ce, haka girkinsu yake. Ka rubuta tambayar da Japananci a wayarka ka nuna wa mai shago, za ka ga har kicin zai shiga ya dubo maka kwalbar.

Inda za ka sake shi ne abincin teku. Kasuwar Nijo tana kusa da Odori, da safe ake zuwa, ga ƙaguwa manya-manya a kan ƙanƙara ƙafafunsu sun fi tsawon hannun yaro, ga ƙwan kifi ja yana sheƙi. Su ɗanye suke ci a kan shinkafa, na san ba kowane ɗan Damagaram ne zai iya ba, toh ka ce a gasa maka kifin hokke da gishiri kawai, a haɗo da shinkafa, shi ke nan ka ƙoshi. Akwai kuma miyar kori mai ruwa-ruwa da cinyar kaza da dankali, ita ma a garin aka ƙirƙiro ta, ita ma a tambayi romo. Madarar Hokkaido da man shanunta kuwa ba a magana. In sanyi ya dame ka a hanya ka duba injin sayar da abin sha, wanda aka yi wa alama ja mai zafi ne, shuɗi mai sanyi, gwangwanin shayi zai faɗo da zafinsa ka fara ɗumama hannu kafin ka sha. Kuma ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici, in ka bar canji a tebur yana iya biyo ka da shi har waje.

Na ƙarshe wani matashi ne daga Kumasi, ya ce shi tsaraba ce damuwarsa, ina ake sayayya kuma me ya kamata ya sayo?

Ƙanina ka nufi Tanukikoji, layin kasuwa ne mai rufi a sama, kusan kilomita ɗaya, shaguna wajen 200, tun ƙarni na 19 ake ciniki a wurin, a nan akwai shagon Don Quijote mai komai da ruwanka. Ka riƙe fasfo ɗinka na ainihi a jiki, don harajin saye a Japan kashi 10 ne cikin 100 a yawancin kaya kuma baƙo yana samun rangwamensa a shagunan da ke da alamar hakan in sayayyar ta kai yen 5,000. Ba a taya kaya, farashin da aka rubuta shi ne. Tsarabar da kowa ke ɗaukowa ita ce biskit ɗin Shiroi Koibito mai farin cakulan a tsakiya, tun 1976 ake yin sa, yana jure tafiya. Cakulan mai laushi na kamfanin Royce kuwa yana da daɗi amma da yawansa akwai giya a ciki kuma sai da firji, kafin ka iso Kumasi ya zama kunu, ka duba kwalin da kyau ko ka haƙura.

Sai kayan lantarki, nan ne samari ke yin asara. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 230, in ka sayo tukunyar dafa shinkafa ko na'urar busar da gashi ta cikin gida ka jona a Kumasi hayaƙi za ka gani, ka ce a ba ka wadda aka yi don ƙasashen waje, yawanci suna da sashensu daban. Wayar salula da aka yi don kasuwar Japan kuma kyamararta kan yi ƙara in ka ɗau hoto a can ko da ka kashe sauti. Ni da ni ne, abin yanke farce da wuƙar kicin da alƙaluma zan cika jaka da su, ba su da tsada kuma suna daɗewa, sai dai wuƙar a sa ta a babban akwati ba jakar hannu ba, in ba haka ba a filin jirgin New Chitose na kusa da Sapporo za ka bar ta.