Sharhi: Kuɗin Asibiti Ne Ke Kora Mutane Kotu

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A shekarar 1992, wata dattijuwa mai shekara 79, Stella Liebeck, ta sayi kofi a shagon McDonald's a Amurka. Kofin ya malale mata a cinya, ta ƙone ƙwarai, ta yi kwana takwas a asibiti, har sai da aka yi mata dashen fata. Da farko dala 20,000 kawai ta nema, yawanci don biyan kuɗin jinya. Kamfanin ya ce dala 800 zai bayar. Nan fa magana ta kai gaban kuliya, inda a 1994 aka yanka mata diyyar kusan dala miliyan uku, kafin alƙali ya zaftare ta zuwa 640,000.

An daɗe ana yi wa matar nan dariya, wai kwaɗayi ne. Ni kuwa abin da nake gani, takardar kuɗin asibiti ce ta tura ta.

Wanda mota ta buge a ƙasar da jinya ke cin dukiya, ya farfaɗo ya tarar da bashin da ko ya sayar da gidansa ba zai biya ba, ina zai nufa? Sai wajen lauya. Shi kuwa lauyan ba ya karɓar ko sisi tun farko, sai an ci shari'a ya ɗebi kamar kashi ɗaya bisa uku. Gwargwadon tsadar jinya, gwargwadon girman diyya, gwargwadon kuma sha'awar lauya.

To a ɗauke wannan nauyi a gani. A Birtaniya, tun 1948 hukumar lafiya ta NHS ke yi wa mutum magani ba tare da an miƙa masa takardar biya ba. Wanda ya karye a hannu ya warke cikin makonni, ba abin da ya fita daga aljihunsa, da wuya ya ɗauki shekara biyu yana zarya a kotu.

Amma fa kada a yi kitso da ƙwarƙwata. Magani kyauta ba ya mayar wa magidanci albashin da ya rasa yana kwance, ba ya kuma biyan ƙafar da aka yanke. Ita kanta NHS ɗin tana shan ƙara a kan sakacin likitoci.

Shi ya sa ƙasar Niyu Zilan ta ƙara taku. Tun 1974 ta kafa asusun da ke ɗaukar nauyin duk wanda ya ji rauni a haɗari, ba a tambayar laifin wane ne. Ana yi masa magani, ana ba ma'aikaci har kashi 80 cikin ɗari na albashinsa yayin da yake jinya. Su kuma jama'a suka haƙura da yawancin 'yancinsu na kai ƙarar neman diyya. Ko baƙo ne ya je yawon buɗe ido ya zame ya karye, asusun nan ne zai tallafa wa jinyarsa a can, ba kuma shi da damar maka kowa a kotu.