Tsabar da Aka Buga Don Masu Karanta Tsaba

Jama'a masu sauraro, wata dariya ce ta tsaya mini a rai. A watan Satumba na 2022, masana tarihin kuɗi daga sassan duniya suka hallara a birnin Warsaw na ƙasar Poland, karo na 16 ke nan tun taron farko da aka yi a Brussels a 1891. Babban bankin Poland ya buga tsabar azurfa ta musamman, wato kuɗin ƙarfe na tunawa, don girmama taron da ma'abota wannan ilimi. Na ba wani abokina labari, mutum mai karatu, sai ya kwashe da dariya, wai sai wanda ya ƙoshi ne ke zama yana ƙura wa tsohon kwabo ido. Haba malam!

Wane ƙoshi? Joachim Lelewel, wanda 'yan Poland ke ɗauka uba a wannan fanni, gudun hijira ya yi bayan Rasha ta murƙushe boren 1830 zuwa 1831. A Brussels ya zauna shekara da shekaru cikin talauci, kuma a 1835 ya fitar da aikinsa kan tsabar Turai ta zamanin da. An shafe ƙasarsa daga taswira, amma sunayen sarakunanta na nan a jikin ƙarfe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Tsaba shaida ce. Takarda gara ta ci, tsaba kuwa sai ta yi shekara dubu a ƙasa ta fito da suna da hoto.

Na yarda, tsabar tunawa ba ta sayen gero, kuma galibi a akwatin masu tarawa take ƙarewa. To sai me? Lambar yabo ma ba a dafa ta.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu ne muka fi buƙatar wannan ilimi. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, wato ƙwanson nan na teku da ya taso tun daga tsibiran Maldives ya iso kasuwar Kurmi. Da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke canza dalar Maria Theresa guda, wato tsabar azurfa ta Austria. Yau a Maraɗi ko Damagaram ka ce dala, sefa biyar kake nufi. Wa ya bi mana sawun wannan kalma?

Ina tuna gwangwanin kakata: anini mai huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci, an zura su a zare kamar carbi. Ga taro, ga sisi, ga sule. Naira ta zo a 1973, suka zama tarkace, daga baya aka auna su aka sayar wa maƙeri. Shaida ce aka narkar, jama'a, shaida!

Babban Bankin Najeriya na da gidan tarihin kuɗi a Abuja. Makarantu nawa suka kai ɗalibai? Idan akwai irin gwangwanin nan a ɗakin tsohuwarku, kada ku kira mai jari-bola. Ku zazzage shi a tabarma, ku kira yara, ku sa su karanta shekarar da ke jikin kowace tsaba.